Wutar motar zama tana mutuwa da dare: a auna kafin a sayi komai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi motar zama Beljiyom, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, ƙirar Fiat Ducato ta 2008, daga Jamus aka shigo da ita. Ina zuwa gona da ita wajen Saminaka, in kwana biyu ko uku. Da dare fitilun ciki ba sa wuce awa biyu sai su dusashe, famfon ruwa ya riƙa gurnani, daga nan komai ya ɗauke. Na sa sabon batir wata biyu da suka wuce, amma ba ta sauya zani ba. Firij ba ya sanyi in na tsaya. A gida Unguwar Rimi kuma in na jona ta da wuta, sai wani makunni a cikinta ya faɗi. Wani mai wayarin ya ce a haɗe batir biyun da waya mai kauri a huta. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri a motar. Don Allah kada ka yarda a haɗe batiran nan. Da gangan masu ƙera motar suka raba su. Ɗaya na tayar da inji ne, ɗayan na ɗakin zama, domin ko ka zuƙe na ɗaki tas da dare, gari ya waye ka murɗa makulli mota ta tashi. Ranar da aka haɗe su, tare za su mutu, kuma Ducato mai dizal da gado da tankin ruwa ba motar da yaran gona za su tura ba ce. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne, irin wannan haɗin yawanci ba a sa masa fiyus. Wayar za ta bi ƙarƙashin kujera, ta riƙa gogar ƙarfe a kowane rami na hanya, ranar da robarta ta cinye batir zai tura mata ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Ja za ta yi kamar garwashi, kai kuwa kana kwance a gefenta, ga tukunyar gas a cikin motar.

Na daɗe ina aikin wayarin na mota a Panteka, daga baya na haɗa da na sola. Irin motarka ba su da yawa a Kaduna, shi ya sa in ta shiga gareji ake ɗaukarta kamar bas ɗin haya. Ita kuwa wuta uku ce a cikinta. Akwai ta motar kanta, bolt 12, daga batirin inji, wanda a irin taka yana ƙarƙashin daɓen gaba wajen ƙafafu, ba a cikin bonet ba. Akwai ta ɗaki, ita ma bolt 12, daga batir na biyu da galibi ke ƙarƙashin kujera ko cikin wani akwati a benci, ita ke ba fitilu da famfo da fanka. Sai ta uku, bolt 230, wadda ke shigowa ta shuɗin soket ɗin nan na jikin mota daga waje, ta ba soket-soket na ciki, da firij, da tukunyar ruwan zafi, da kuma cajar da ke cika batirin ɗaki. Riƙe wannan na ƙarshen da kyau, don a nan nake zargin matsalarka take.

Ga yadda nake karanta labarinka. Makunnin da ke faɗuwa a gida yana yanke wutar 230 gaba ɗaya, ke nan cajar ba ta taɓa samun damar aiki ba. Batirin ɗaki ba ya samun komai sai ɗan abin da altaneta, na'urar da ke caji in inji na aiki, ta ba shi a hanya, tafiyar awa biyu ko uku kuwa ba ta cika batirin da aka zuƙe. Kana isa gona da rabin caji ko ƙasa da haka, ka zuƙe shi har na'urar motar ta yanke da kanta a wajen bolt 10.5, ka dawo gida ya kwana biyu a haka. Batirin dalma da aka bari a zuƙe, wani farin gishiri ne ke daskarewa a farantansa, ya rage masa ciki, wata biyu na irin wannan wahala sun isa su tsufar da sabo fil. Abu uku ka lissafa mini, amma biyu daga ciki uwarsu ɗaya. Wannan zargi ne dai, mita ce za ta tabbatar ko ta ƙaryata ni.

Ka sayi ƙaramar mitar awon wuta, irin mai nuna lamba, ba ta da tsada, ka ajiye ta a motar har abada. Juya ta zuwa 20 a ɓangaren da aka zana V da miƙaƙƙen layi. Awo na farko da safe za ka yi shi, bayan mota ta kwana ba a jone ba, ba a tayar da inji ba, komai a kashe. Ɗora jan tsinke a kan batirin ɗaki mai alamar +, baƙin a mai alamar −, a kan dalmar kanta, ba a kan maƙalar waya ba. Cikakken batir zai nuna 12.6 zuwa 12.8. In ka ga 12.2, rabi ne. In ka ga 12.0, saura kaɗan. In kuwa ya tsaya a wajen 10.5 ko bayan an yi masa caji, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, kowane ɗaki yana ba da kusan bolt 2.1, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Kana nan riƙe da tsinkayen, ka sa wani ya kunna duk fitilu ya buɗe famfo. Lafiyayyen batir zai ɗan sauka kaɗan ya tsaya. Wanda ya gaji zai zube ƙasa da 11.5 kana kallo.

Awo na biyu, tayar da inji, ka jira kamar minti ɗaya. Auna batirin inji: ya kamata ya hau tsakanin 13.8 da 14.4, shaidar altaneta tana aiki. Koma ka auna na ɗaki. Shi ma ya kamata ya haura 13, ya kusanci na injin. In na inji ya hau, na ɗaki bai motsa daga inda yake ba, to hanyar da ke tsakaninsu a yanke take. A tsakanin akwai rile wanda ke haɗa su in inji na aiki, ya raba su in an kashe. Siginar da ke ja masa tana zuwa ta wata siririyar waya mai suna D+ daga altaneta. Akwai kuma babban fiyus kusa da kowane batir, sau da yawa mai amfiya 40 ko 50, da wani ɗan ƙarami a gefensa. Ɗaya daga cikin ukun nan ne: fiyus, ko rile, ko siginar. A motocin Jamus da yawa, rilen da cajar da ƙananan fiyus duk suna cikin akwati ɗaya na kamfanin Schaudt, an rubuta EBL a jikinsa, na Italiya kuwa sukan zo da CBE ko Nordelettronica. Rubutun jikinsa da Jamusanci ne, to ga kaɗan da za su taimake ka: Wohnraumbatterie batirin ɗaki ke nan, Starterbatterie na inji, Kühlschrank firij, Pumpe famfo, Licht fitila, Heizung na'urar ɗumama ɗaki.

Akwai wani hali na uku da ya fi rikita mutane: batirin ɗaki ya hau amma kaɗan, misali na inji 14.2, shi kuma 12.9. A nan wuta tana wucewa, amma tana zubewa a hanya. Bara da damina aka kawo mini wata irin taka, mai ita ya canza batir biyu, an kwance masa altaneta an mayar. Na ɗaga kujerar, na bi wayar negetif, mai alamar −, har inda aka ɗaure ta da jikin mota, wato at. Daga sama notin tsaf yake. Da na sa sifana na kwance, sai ga wani koren gari yana zubowa daga cikin maƙalar, siraran wayoyin tagullar sun rube, uku ko huɗu kaɗai suka rage a riƙe, ƙarfen da ke ƙasa kuma ya yi tsatsa ja-wur, don ruwa na bin robar ƙofa yana taruwa a wurin. Yarona ya yanke bakin wayar, ya matsa sabuwar maƙala, ya goge ƙarfen da sanfefa har ya yi ƙyalli, muka ɗaure muka shafa giris. Mita ta tashi daga 12.9 zuwa 14 nan take. Kuɗin kayan bai kai na cin abincin rana ba.

Yadda ake kamo irin wannan ba tare da an kwance rabin mota ba: a kunna kaya, wuta na gudu a wayar, sai ka ɗora tsinke ɗaya a farkon haɗin, ɗayan a ƙarshensa. Misali ɗaya a kan dalmar batir ta negetif, ɗayan a tsiraren ƙarfen jikin mota. Haɗi mai kyau kusan sifiri zai nuna. In ka ga rabin bolt ko fiye, ka samu ɓarawon. Haka za ka yi wa gidan fiyus, da bakin rile, da kowace maƙala. Dole sai kaya na kunne, domin waya guda siririya da ta rage ma za ta nuna maka 12.6 lafiya lau in ba a jan komai. Hannu ma mita ne a nan: duk haɗin bolt 12 da ka taɓa ka ji ya yi ɗumi, akwai magana. Motocin nan an ƙera su ne don titin Turai, girgizar hanyoyinmu tana sassauta noti, ƙurar hunturu ta shiga ta zauna, damina ta zo ta jiƙa ta. Ga ɓeraye kuma, motar da ke kwana kusa da buhunan masara sai an riƙa leƙa bayan akwatunanta.

Yanzu makunnin da ke faɗuwa. Buɗe ƙaramin akwatin da yake ciki, yawanci cikin kabad ɗin kaya ko ƙarƙashin benci, ka duba wanne ne ke faɗuwa. In mai faɗin ne da ke da ɗan maɓallin gwaji an rubuta T ko 30 mA, to aikinsa kama yoyon wuta: ya ga wuta tana fita ta wata hanya, ta jikin mota ko ta ruwa, sai ya yanke kafin ta bi ta jikin mutum. In siririn ne mai lamba 10 ko 16, to lodi ne ya yi yawa ko wayoyi biyu sun haɗu. Kowanne ne, kada a ɗaure shi, kada a tsallake shi. Cire wayar daga gida tukuna. Zare duk abin da ke jone a soket na ciki, kashe firij daga ɓangaren 230, kashe tukunyar ruwan zafi, zare filogin cajar. Mayar da makunnin sama, ka jona. In ya faɗi ba komai a kunne, laifin yana wayar jonawar, ko shuɗin soket na waje da ruwa ya shiga, ko wayarin na ciki. In ya tsaya, sai ka riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya har ka ga wanda ya kayar da shi. A abin da na saba gani, ƙarfen ɗumama ruwa na tukunyar shi ne kan gaba, musamman in an taɓa kunna shi ba ruwa a ciki, sai na firij ya biyo baya. In ɗaya daga cikinsu ne, bar shi a kashe, cajarka ta samu wuta a daren nan. Buɗe cikin akwatin 230 kuwa ka bar wa wanda ya san aikin, wannan wutar ba ta yin gargaɗi.

Da makunnin ya tsaya, sai awo na uku. Mota a jone, inji a kashe, auna batirin ɗaki. Ya kamata ya fara hawa, ya wuce 13.5, a hankali ya kai wajen 14.4 kafin cajar ta sassauta ta riƙe shi a wajen 13.8. In bai motsa ba, duba fiyus ɗin cajar da filoginta, in suna lafiya to ita kanta ta ƙone, abin da hawa da saukar wuta ke yawan jawowa. Akwatunan EBL da yawa suna da ɗan makunni na zaɓar irin batir, Blei-Säure na mai ruwa, Blei-Gel na jel, a tabbata yana kan irin wanda ka saka, kuma a zare wutar kafin a taɓa shi. Bar shi a jone kwana ɗaya cur, ka cire, ya huta dare guda, ka sake awo na farko. A nan za ka san ko sabon batirinka ya tsira.

Ina kuma so ka duba wane irin batir aka sayar maka. In na tayar da mota ne, ba zai yi ƙarko a wannan aikin ba ko da komai na lafiya. Farantansa sirara ne, an yi shi ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙa biyar a mayar masa nan take. Ɗaki yana son irin na sola, mai jure zuƙa a hankali. Sai dai kada a ɗora maka dogon nan mai ruwa na inbatar gida, ba ya shiga ƙarƙashin kujera, ruwansa na fantsama a hanya, yana kuma fitar da iska mai kama wuta lokacin caji. Nemi rufaffe, jel ko AGM, daidai girman gurbin. Ka kuma yi lissafi. Batir mai 100Ah, rabinsa kaɗai ake so ka ci, wato 50. In fitilunka tsofaffin halojin ne masu wat 10, takwas a kunne suna jan kusan amfiya 7, ke nan awa bakwai ka cinye rabonka ba tare da fanka ba. Mayar da su LED, jan zai ragu sosai, ɗakin ma ya rage zafi. In an maƙala maka inbata kuwa, ka sani wat 1000 yana jan wajen amfiya 90 daga batir mai bolt 12, butar lantarki ko dutsen guga za su gama da shi kafin ka idar da sallar isha. Inbata ko ba ta ba komai wuta, in tana kunne tana ci, kashe ta daga jikinta.

Firij ɗinka mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Na irin motocin nan, Dometic ko Thetford, yawanci ba su da kwamfuresa, zafi ne ke juya sinadarin amoniya a bututun baya ya haifar da sanyi. Hanya uku yake aiki: bolt 12, bolt 230, ko gas. Ta bolt 12 an tsara ta ne ta yi aiki in inji na tafiya kawai, saboda tana jan amfiya 8 zuwa sama, da an bar ta kan batirin ɗaki da ta shanye shi cikin 'yan sa'o'i. To da ka tsaya a gona, dole ka mayar da shi gas. Yana son mota ta tsaya daidai, ba a karkace ba, yana kuma ɗaukar sa'o'i kafin ya yi sanyi, gara ka kunna shi tun daren jajibirin tafiya. Cire murafan iska biyu da ke jikin motar daga waje ka leƙa. Na taɓa samun gidan zanzaro ya toshe bututun hayaƙin gaba ɗaya, harshen wutar ya koma rawaya yana baƙin hayaƙi. Harshen shuɗi ake so. In rawaya ne, kashe shi, kada ka kwana a ciki sai an gyara, hayaƙin da ba ya wari shi ke kisa. A zafin Maris da Afrilu kuma ko lafiyayye ne sanyinsa raguwa yake, ka faka ta yadda gefen firij zai kasance a inuwa.

Wayar da kake jonawa da ita daga gida ta zama mai ƙwaya uku, da at na gaske, ba jar-da-baƙar nan mai ƙwaya biyu ba. Jikin motar ƙarfe ne a kan taya, in wuta ta yi yoyo babu at, wanda ya taɓa ƙofa da ƙafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa shi zai zama hanyarta, kuma yara ne suka fi zagaya mota ba takalmi. In janareta za ka yi amfani da shi a gona, tayar da shi tukuna ya daidaita, ka auna bakinsa da mita a ɓangaren V mai lanƙwasasshen layi, a lamba mafi girma. Tsakanin 220 da 240 ake so. In yana haura 250 ko yana rawa, kada ka jona. Cire wayar motar kafin ka kashe shi, kada kuma ka bari mai ya ƙare masa tana jone. Ka yi sa'a taka ta Turai ce, wutarsu da tamu ɗaya, 230 a kan 50Hz. Masu sayo ta Amurka su ne ke shan wahala, tasu 120 ce a kan 60Hz, in aka jona ta kai tsaye ba tiransifoma, caja da duk abin da ke kunne sun tafi.

Kan fiyus, kalarsa tana faɗin ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya ƙone a mayar da irinsa daidai. In ya sake ƙonewa, yana gaya maka akwai waya da ta goge ne a gaba, a bi ta a nemo, ba a naɗa masa silin waya ko a ƙara masa girma ba. Kada ka yarda da ido wajen duba shi, akwai mai tsagewa ba a gani, auna ɓangarorinsa biyu da mita. Kalar waya ma kada ta ruɗe ka. A wayarin ɗin motocin Jamus, ruwan ƙasa galibi negetif ce a ɓangaren bolt 12, amma a ɓangaren 230 ruwan ƙasa ita ce mai wuta. Duk lokacin da za a taɓa batir, a zare wayar gida, a fara cire negetif, ita ce kuma ta ƙarshen mayarwa.

Tun da kwana biyu zuwa uku kake yi a gona, in an gama gyaran nan ka sa faranti ɗaya ko biyu na sola a rufin, da kwantirola da fiyus kusa da batir. Lokacin haɗawa a fara jona batir da kwantirola kafin farantin, da hunturu kuma a riƙa goge ƙura duk safiya. Amma wannan na baya ne. A wannan makon ka fara da makunnin gida, ka samo abin da ke kayar da shi, ka ba batirin cajin kwana guda. Sannan ka turo mini lambobi biyar: na batirin ɗaki da safe ba komai a kunne, nasa da fitilu da famfo a kunne, na batiran biyu inji na aiki, da nasa in an jona da wutar gida. Ka haɗa da hoton rubutun da ke jikin sabon batirin da na akwatin fiyus ɗin.